Masarar Malam

Mahaifina dillali ne, ni ma dillali ne. Bambancinmu kawai shi da babbar riga yake fita, ni da kwat. Shi gidaje da filaye yake haɗa cinikinsu a Unguwar Kanawa da kewaye, ni kuma na yi shekara goma sha takwas a reshen Kaduna na wani bankin zuba jari, ina haɗa masu kamfanoni da masu kuɗin da ke neman inda za su zuba. Idan dangi suka tambayi aikina nakan kama dogon bayani, har sai mahaifiyata ta gaji ta yanke zancen, ta ce musu sana'ar babansa yake yi, sai dai shi a cikin sanyin ofis.

A da ciniki ɗaya yakan ci mana wata shida, wani ma shekara. Ma'aikata huɗu ne a ofishinmu suke tonon takardun kamfanin da za a saya, shafi bayan shafi, har idonsu ya yi ja. Ni kuwa aikina na ƙafa ne. Zuwan farko gaisuwa ce zalla, ba a ko ambaci kamfani. Zuwa na biyu a ci tuwo, a yi hirar damina da tsadar taki. Sai a na uku ne mai dukiya zai gyara zama ya ce to me ke tafe da kai. Kuma akwai abu ɗaya da na sani tun ina ganin Baba yana aikinsa: idan mai dukiya ya ce maka tashi mu je ka gaida wane, ka ajiye duk abin da kake yi ka bi shi. Mutanenmu ba sa buɗe baki su ce wane yana da hannu a dukiyata. Kai ka za su yi ka durƙusa a gaban mutumin, sauran kuma su bar wa hankalinka. Na san wannan sarai, shi ya sa ba ni da wurin ɓuya a labarin nan.

Shekaru kaɗan da suka wuce hedkwatarmu da ke Legas ta kawo ƙirƙirarriyar basira cikin aikinmu. Mu dai na'ura muke ce mata, ko da yake babu wani ƙarfe da za ka nuna, a cikin kwamfuta take. Ka zuba mata takardun kamfani na shekara goma, kafin ka sha shayi ta karance su, ta faɗa maka darajar kamfanin, ta nuna inda ake ɓarna, ta jero tambayoyin da ya kamata a yi wa mai shi, ta kuma tsara yarjejeniyar da lauyoyi za su duba. Har kamfanonin da suka isa saye ita ke zaƙulowa. Ba a yi shekara ba aka sallami uku daga cikin ma'aikatanmu huɗu. Na yi musu jaje, na rubuta musu takardun shaida masu daɗi, amma in faɗi gaskiya raina fes yake, domin ni an ce ba za a iya yi ba sai da ni. An ce na'ura ta san takarda, ni na san mutane. Na ji daɗin maganar nan har na riƙa maimaita ta a gida, matata ta ce ta haddace.

Abin da ban lura da shi ba shi ne lokaci. Na'urar ba ta taɓa cewa mu yi sauri ba. Amma tunda tana gama nata cikin awa ɗaya, sai nawa ya zama shi ne jinkirin. Sauran bankuna su ma suna da irin tata, kamfanin da ta hango mana su ma tasu ta hango musu, wanda ya riga isa shi ke ɗauka. Wata shida ya koma wata biyu, wata biyu ya koma mako uku. Idan na rubuta cewa na je gaisuwa, sai a tambaye ni daga Legas me aka cimma a gaisuwar. Sannu a hankali na daina rubutawa, daga baya na daina zuwa.

A cikin wannan hali wasu masu kuɗi suka zo mana suna son tattara ƙananan kamfanonin abincin kaji na Arewa su haɗe su wuri ɗaya. Na'ura ta fitar da sunaye, na duba na uku a jerin na kwashe da dariya, domin kamfanin Alhaji ne. Alhaji aminin mahaifina ne, gidansa layi biyu ne tsakaninsa da gidan da aka haife ni. Dogo ne, marar yawan magana, mai son tsokana a hankali. Tun ina makaranta ɗan dillali yake ce mini, bai canza ba har na yi furfura. Kamfaninsa yana can gefen Rafin Guza, inda ake niƙa masara da waken suya a haɗa abincin kaji, ya fi shekara talatin yana aiki. Injinansa sun tsufa, kullum ana ɗaure wannan ana kwance wancan, 'ya'yansa kuma kowa ya kama aikin gwamnati. Ya daɗe yana neman wanda zai taimaka kada abin ya mutu a hannunsa.

Tsarin da aka yi shi ne masu kuɗin su zuba jarinsu a cikin kamfanin, a sayi sababbin injina a gina babban sito, su ɗauki kaso mafi girma. Alhaji ba wani kuɗi za a damƙa masa ba, zai rage da ɗan kasonsa da kujerar shugaba. Ya yarda ba tare da jan rai ba, ya ce tunda ɗan gida ne ya kawo maganar, shi ba shi da fargaba. Aka ba ni mako uku in rufe cinikin.

Na'urar ta karanta littattafan kamfanin ta jero tambayoyi, sun kai arba'in. Ɗaya daga ciki ta ce ta ga duk farkon wata ana fitar da masara buhu goma daga sito, shekara da shekaru ba fashi, an rubuta a gefe cewa na Malam ne, kuma ba ta ga abin da kamfani ke samu a madadinsu ba. Ta ce a tambayi mai kamfanin ko wane ne wannan mutumin, da kuma dalilin ba shi. Ina tuna yadda na yi murmushi a gaban kwamfutar. Na ce a raina ga irin wurin da ake buƙatata. Na san Malam ɗin da ake nufi, dattijo ne da ke karantar da 'yan kasuwa da teloli da makanikai littattafan addini a zaurensa bayan la'asar, duk unguwa an san shi da Alhaji tare suke zuwa masallaci. Attajiri yana aika wa malami hatsi, wace tambaya ce kuma a nan? Ban kira Alhaji ba. Na rubuta da hannuna cewa sadaka ce, al'adar mutanenmu ce, babu wani alƙawari a kanta. Na'urar ta karɓa, ta sa masarar cikin abubuwan da za a iya dainawa, ta wuce tambaya ta gaba.

Sau biyu Alhaji ya gayyace ni. Na farko ranar Juma'a ce, mun fito daga zagayen injina, ya ce in zo mu je in gaida Malam. Na ce in sha Allahu mako mai zuwa, domin ƙarfe huɗu ina da taro ta bidiyo da mutanen Legas. Na biyu ana gobe za a sa hannu. Ya sake cewa ya kamata dai in je in gaida Malam kafin gobe. Wayata tana ta ruri a aljihu, lauyoyi suna jiran gyara. Na ɗauka addu'a yake so a yi wa cinikin, sai na zaro ambulan na sa ɗan abin da na sa, na ce ya kai wa Malam goron addu'a, ni zan zo bayan an gama. Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin kafin ya sa a aljihu.

Washegari a ofishinmu aka ajiye masa yarjejeniyar, Turanci shafi ɗari da wani abu. Ya ɗaga ta kamar mai awo, ya ce wannan ai ta fi buhun dusa nauyi, aka yi dariya. Sannan ya juyo gare ni, ya rage murya.

"Ɗan dillali, ka sa komai a ciki ko? Kai ɗan gida ne, ba sai na yi ta faɗa maka ba."

"Komai na ciki, Baba," na ce.

Ya yi bisimilla ya sa hannu.

An yabe ni a Legas, an ce cinikin Kaduna ya zama abin koyi, kwana goma sha tara kacal. Sababbin injina suka iso, aka kawo manaja, aka sa ƙofar ƙarfe da masu gadi, ko tsinke ba ya fita sai da takardar izini daga kwamfuta. Ni kuma na shiga wani cinikin, da wani bayansa. Gaisuwar da na ce zan je bayan an gama, ban je ba.

Bayan kamar wata biyar, wata Talata matata ta aike ni kasuwar Kawo in sayo wake. Ina ratsa layin 'yan hatsi sai na hango wani dogon dattijo yana ciniki, ya damƙi masara a hannu yana dubawa, ga wasu buhuna babu komai ciki a naɗe ƙarƙashin hammatarsa, masu tambarin kamfanin abincin kajin nan. Na tsaya na ƙara dubawa. Alhaji ne. Mutumin da manyan motoci ke layi a ƙofar sitonsa, shi ne yake rigima da mai awo a kan farashin buhu. Da ya gan ni ya so ya juya, amma layin babu wurin juyawa.

Muka koma inuwar wata rumfa muka zauna a benci. Nan ya faɗa mini, yana kallon ƙasa, abin da ya ɗauka na sani tun ina yaro. Filin da kamfanin ke kai gadon Malam ne. Lokacin da Alhaji yake neman wurin kafa inji ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, Malam ya ba da filin a kan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da Allah ya kawo. Da aka zo yin takardar mallaka Malam ya ce a sa sunan Alhaji, shi ba ya son sunansa ya kusanci banki da kuɗin ruwa, kuma ba ya son ɗalibansa su ce Malam ya zama ɗan kasuwa. Rabonsa da masara yake karɓa duk wata, in kuma aure ya taso ko rufin ɗaki ya yi yoyo, Alhaji ya yi ba tare da an tambaye shi ba. Ba su taɓa zama sun yi lissafi ba. Shaidu biyu ne a ranar, wani limami da ya daɗe da rasuwa, da mahaifina, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya.

Ya ce watan farko bayan cinikin ya aika a fitar da masarar Malam kamar kullum, sai mai sito ya ce babu ita a tsari. Ya je wurin manaja da kansa, yaron ya tarbe shi da ladabi, ya buɗe kwamfuta ya nuna masa inda aka ce sadaka ce kuma an daina. Ya ce in Alhaji yana son yin sadaka ai babu mai hana shi, amma daga aljihunsa. Tun ranar Alhaji yake zuwa kasuwa ya saya, ya juye a tsofaffin buhunan kamfani da ya ajiye a gida, ya aika, don kada Malam ya gane.

Kunya ce ta kama ni, amma da fushi ta fito, halina ke nan tun ina ƙarami. Na ce don Allah me ya hana shi ya buɗe baki ya faɗa mini, kalma ɗaya kawai, da duk wannan bai faru ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Sau biyu na ce ka zo mu je," ya ce. "Babanka sau ɗaya ake faɗa masa."

Kafin mu rabu ya roƙe ni abu ɗaya, kada Malam ya ji. Na taya shi neman akori-kura, aka loda buhunan, na koma gida ba waken.

A ranar na kira shugabata a Legas. Mace ce mai kirki, ta saurare ni har na gama. Ta tambaya akwai takarda, na ce babu. Akwai shaida mai rai, na ce babu. Ta ce in ba ta zuwa gobe. Washegari ta karanta mini wani sashe na yarjejeniyar, inda Alhaji ya tabbatar da sa hannunsa cewa babu wani mahaluki da ke da haƙƙi a kamfanin ko a filin. In ta bayyana akwai, ɗan kason da ya rage masa zai tafi, kuma masu jarin suna iya kai shi kotu a kan ya ɓoye gaskiya. Na ce a nemo ƙofa, ai kowace yarjejeniya tana da ƙofa. Ta ce a da ke nan, lokacin da mutane ke rubutawa su gaji su manta wani abu. Wannan an bi ta an toshe ko'ina, ita da lauyoyi sun duba, na'urar ma ta sake dubawa. Sannan ta tuna mini a hankali cewa tambayar nan an yi ta, kuma amsar tana nan da sunana da ranar da na rubuta ta. Ta ce shawararta a matsayin 'yar'uwa, in bar maganar inda take.

Na so ƙwarai in ɗora wa na'urar laifi. Na yi kwanaki ina neman hanyar da zan ce ita ce, ban samu ba. Ita baƙuwa ce, ta ga abin da ba ta gane ba ta tambaya. Ɗan garin ne ya rufe mata baki.

Sai a lokacin na je gaida Malam. Na same shi bayan la'asar ya sallami ɗalibai, yana mayar da littattafai cikin gafaka. Gajere ne siriri, idonsa ɗaya ya fara samun yana. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mahaifiyata da yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa mahaifina addu'a mai tsawo. A kusurwar zauren ga buhunan nan a jere da tambarinsu. Na yi niyyar riƙe alƙawarin Alhaji, in yi gaisuwa kawai in tashi, amma ya ga inda idona yake zuwa. Ya ce in matsa in duba bakin buhun. Na duba. Ɗinkin hannu ne, na basilla da igiya.

"Shekara talatin inji ke ɗinke mini bakin buhu," ya ce. "Tun watan farko na gani. Kuma masarar kasuwa da ta sito ba ɗaya ba ce, ko mata a cikin gida sun faɗa."

Na ce Allah gafarta Malam, laifina ne, na kwashe komai na faɗa masa, har da abin da na rubuta da hannuna. Na ce in ya yarda zan tsaya a gaban kowa in ba da shaida, ko da aikina zai tafi. A lokacin da gaske nake, ko da yake ban san ko da an je wurin zan iya ba. Ya tambaye ni abin da zai sami Alhaji in aka yi haka. Na faɗa masa. Ya shafa bangon littafi, sannan ya ce ba zai karɓi fili da mutuncin amininsa ba. Ya ce ranar da aka ce a rubuta, shi ya hana, don yana ganin takarda tsakaninsa da Alhaji zagi ce, saboda haka kowa ya ɗauki nasa kason na kuskuren. Ya ce yana karɓar masarar ne don in ya mayar, Alhaji zai san ya sani, kuma wannan zai fi yunwa yi masa ciwo. Shi ma abu ɗaya ya roƙe ni, kada Alhaji ya ji.

Haka na fito da amana biyu, kowace tana hana ni sauke ɗayar. Wata takwas na yi a tsakaninsu. Zumuncin da na kasa yi da ƙafa lokacin da yake da amfani, sai ga shi ina yi duk mako. In je wurin Alhaji ya tambaye ni ko Malam ya ce wani abu, in ce bai ce ba. In je wurin Malam ya tambaye ni yaya ƙarfin Alhaji, in ce da sauƙi, alhali na san ya sayar da motarsa ta biyu, daga baya wani fili da yake ajiye wa autarsa. Kamfanin ya ce ba za a raba riba ba sai an mayar da kuɗin injina, don haka kujerar shugaba ce kawai a hannunsa. Masara kuma ta yi tsada. Buhu goma ya koma bakwai, ya koma biyar. Alhaji yakan aika da saƙo cewa kasuwa ce ta ɗan ja baya, Malam ya aiko da cewa ai ma ya yi yawa. Gidan Malam kuwa mutum kusan ashirin ne ke ci, da matansa da 'ya'ya da jikoki da wata ƙanwarsa da mijinta ya rasu. Na taɓa kawo shawarar in riƙa cika buhunan daga wurina, Alhaji ya ce in na kuskura kada in ƙara taka ƙofarsa.

Cikin damina Alhaji ya kwanta, hawan jini, kwana shida ya cika. An yi jana'izarsa da hantsi a ƙofar gidansa, layin ya cika har bakin titi, manajan kamfanin ma ya zo da hularsa sabuwa. Malam ne zai yi masa salla. Kafin a tayar, babban ɗan Alhaji ya miƙe kamar yadda aka saba, ya ce duk wanda ya san yana da wani haƙƙi a kan mahaifinsu, ya yi wa Allah ya faɗa, ko yanzu ko a zaman makoki, don a sauke masa nauyi. Ina sahun farko, daidai bayan Malam. A duk taron nan mu biyu ne kaɗai muka san abin da ke ƙasa. Na ɗan motsa zan yi magana. Malam bai waiwayo ba, hannunsa kawai ya miƙo baya ya kama wuyan hannuna ya matse. Ban san tsoho yana da irin wannan ƙarfin ba.

"Ni dai na zauna da shi shekara hamsin," ya ce da murya yadda kowa zai ji. "Babu komai tsakanina da shi sai alheri. In ma akwai, na yafe duniya da lahira."

Ya saki hannuna ya yi kabbara.

A zaman makoki na so in keɓe babban ɗan in faɗa masa. Malam ya riga ni, ya ja ni gefe ya ce sharaɗin nan da na faɗa masa ai yana bin magada, kuma ɗan kason nan shi ne abin da marayun suka gada, kada in jefa su cikin shari'a. Gaskiya ya faɗa. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ji sanyi a raina da ya hana ni, domin sunana ne a ƙarƙashin amsar nan, kuma ina da 'ya'ya a makaranta. Wannan sanyin da na ji shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata.

Ba a daɗe ba aka rufe reshenmu na Kaduna. An ce babu buƙatar ofis, in riƙa aiki daga gida. Yanzu a ɗakina nake zama a Malali, na'ura ta turo mini tambayoyin da ta kasa warwarewa, in amsa. Ina amsawa a hankali, har an fara cewa na cika jinkiri, kuma na san inda irin wannan maganar take ƙarewa.

Farkon watan da ya biyo bayan arba'in ɗin Alhaji, babu buhun da ya je gidan Malam. Magada ba su san da shi ba, su ma sun ɗauka sadakar mahaifinsu ce ta ƙare da ƙarewarsa. Na jira wata na biyu, sannan na je kasuwa na sayi buhu biyu, abin da ƙarfina ya kai ke nan, na kai da kaina. Duk hanya ina addu'a ya mayar mini da su, ko ya yi mini faɗa, ya ce in kwashe kayana in ba shi wuri. Da ya yi haka da na sami sauƙi.

Na tarar ɗalibai sun ragu, shi kuma ya rame. Ya dubi buhunan, ya dubi ƙofar cikin gida inda ake jin motsin yara. Sannan ya gyara zama, ya ɗaga hannuwansa biyu, ya yi mini addu'ar da malamai ke yi wa duk wanda ya kawo musu sadaka. Ya ce Allah ya karɓa, Allah ya mayar da ninkinsa, Allah ya sa a mizani. Ya kira sunan mahaifina ya ce Allah ya kai ladan kabarinsa. Ina durƙushe ina cewa amin, a gaban mutumin da ke da kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da motocinsa ke wucewa ta bakin titin unguwar kullum. Da ya shafa, ya leƙa cikin gida ya ce a zo a shiga da su, a kuma auna a hankali.